Haruffa Masu Ƙugiya

Shekara bakwai ina rubutu a bayan rasit
a rumfar albasa, Mil Sha Biyu,
tsakanin motar da aka sauke da wadda ake jira.
Takardun na warin buhu, na sani.
Labarin babana ne, Ɗan'azumi mai duba birkin jirgi,
daga Ƙaura Namoda har Iddo,
da tarin da ya kawo mu Ikko ya bar mu.

Ranar Talata na kai shi Ikeja,
bene hawa huɗu, sanyin ofis har cikin haƙori.
Matar ta karɓa da hannu biyu, ba zan ɓoye alherinta ba.
Ta ce mai duba musu Hausa ɗaya ne,
yana Zariya, sai ya samu sarari.
In ya so, shekara biyu.
In ya fito, goma cikin ɗari taka ce,
bango namu, zaɓen suna namu,
babin yajin aiki kuma a rage, ya yi tsawo.
Amma zai shiga makarantu, in ji ta,
zai kwana a kantin da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba.
Wannan magana ta bi ni har cikin danfo,
ta zauna kusa da ni, ba ta biya kuɗin mota ba.

Shomolu kuwa ba a ba ka kujera.
Inji na tari a kowane lungu, kwata ta yi baƙi da tawada.
Baba Rasaki ya auna takarduna a tafin hannu
yadda nake auna albasa:
kwafi ɗari biyar, kwana goma, rabin kuɗi yau.
Bai tambayi abin da ke ciki ba.
Jiya kalandar coci, yau katin biki, gobe babana.

Kuɗin na san inda suke.
Kwasar adashin Tasalla ce, ta keken ɗinki.
Ta ce, ɗauka.
Ba ta ɗago ba, tana tsintar shinkafa.

Aka miƙo mini shafin gwaji.
A tsaye na karanta, hadari na haɗowa daga teku.
Babu ƙugiya ko ɗaya.
Ƙasa ta zama kasa, kwance da dafinta a layin farko.
Baƙin da babana ya saukar sun koma baki.
Ɓarin da uwata ta yi a tashar Minna ya zama bari,
kamar takardar ce ke ba ni shawara.

Yarinyar da ke kan kwamfuta, Morenike,
ta ce ita ba ta ga bambanci ba.
Na ce, ɗigon da ke ƙarƙashin sunanki fa, in an share?
Ta yi shiru.
Sannan ta jawo mini benci da ƙafa.

Dare tara muna farautar haruffa,
ni da yatsa, ita da madanni,
in an ɗauke wuta mu jira janareta,
in mai ya ƙare in saya.

Yanzu kwali goma ne a ƙarƙashin gado,
na ɗora su kan bulo saboda damshin Agege.
Ɗaya da rabi ya tafi.
Direbobin da ke komawa Aliero da mota wayam
na ba su ashirin-ashirin,
wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo gaisuwa.
Daga Ikeja ba a kira ba,
ko an kira ina cikin hayaniyar ciniki.
Wani dare nakan tuna kantin nan da ban taka ba,
in juya, in ba bango baya, in sake juyawa.

Keken ɗinki har yau yana shagon mai shi.

Daren jiya na farka na ga haske.
Tasalla ce da tocilan waya, tana shafi na sittin.
Ta ce, kun bar ɗaya.
Ta laluba biro a jakar yara,
ta lanƙwasa masa kai a hankali,
sannan ta jawo kwali ta buɗe na gaba.