Tattabarun Alojz

Shekara talatin da ɗaya Alojz yana sauka ƙarƙashin Rybnik
yana haƙar kwal, injin huda dutse a kafaɗa.
Kullum ramin yakan mayar mini da shi da yamma,
baƙi ƙirin, ƙafa biyu, hannu biyu,
in ƙirga yatsunsa in gode wa Allah.
Ashe abin da ramin ke gutsura ba ya ƙirguwa.
Kunnen hagu ya fara ci.
Na dama ya bi shi har gida bayan ritaya.

An ce kunne ya girmi kaka.
A gidanmu kaka ne ya binne kunnensa, ya dawo ya zauna.
In abinci ya nuna, fitila nake kashewa in kunna.
A coci yana buɗe baki bayan kowa ya rufe.
Jikarmu Bogna ta daina ba shi labarin makaranta,
ba don ƙi ba, maimaici ne ya gajiyar da ita.

Likita ta zana mana abin a bayan takardar magani:
can ciki, bayan dodon kunne,
akwai 'yar katantanwa da ba ta kai ƙwayar wake ba.
Nan za a zura waya siririya kamar gashi,
a maƙala na'ura a bayan kai,
sauti ya sake samun ƙofa.
Na tambayi kuɗi. Ta faɗa.
Na riƙe gefen kujera.
Ta ce asusun lafiya na biya, amma akwai layi,
akwai takardu, akwai masu dubawa.

A ofis yarinyar ta yi mini fara'a
har muka zo gurbin shekaru.
Saba'in da shida.
Alƙalaminta ya ɗan tsaya a sama,
bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma na gani.

Maƙwabcinmu Gerard ya ce ta kan shinge:
a bar wa jarirai mana, su ne da sauran tafiya.
Ban musa ba. Ni ma in ni ke rabo, jariri zan fara miƙa wa.
Sai dai da dare na sauko da gwangwanin biskit
inda nake ajiye takardun albashinsa,
na baje su a tebur, sun yi ja, suna warin ƙura.
Kowane wata an cire na lafiya.
Ba wata guda da aka tambaye shi shekarunsa kafin a cire.

Wasiƙa ta zo ranar Talata.
Ba a ce a'a ba. An sa rana, wata goma sha huɗu nan gaba.
Ya karanta sau biyu, ya hau ɗakin tattabarunsa
ya rubuta ranar da alli a jikin katako.

Na same shi can, ya riƙe shuɗiyar nan mai ɗingishi,
tafinsa a ƙirjinta, yana sauraron kukanta da fata.
Ya ce, da ƙarfi kamar yadda yake magana yanzu:
Bernadeta, in an kunna, me za ki fara faɗa mini?

Na yi dariya na nuna masa takalminsa mai kashin tsuntsu.
Amma tun ranar nake tarawa.
Akwai faɗan da nake bin sa bashi tun bara,
akwai wata magana da ba a rubuta ta a takarda.
Ban san wadda zan fara da ita ba,
kuma tarin nan nasa na asuba bai daina ba.