Layin da Takarda Ta Haɗiye

A allon kwamfutata kullum dare ne,
baƙi wuluk, ba wata, ba tauraro,
sai layukan da na kunna da hannuna.
Ja na ba katanga,
kore ga ƙofa da taga,
shuɗi ya ja ruwa daga tanki zuwa bayi,
ruwan toka ya tsaya gefe yana ƙidaya taku.
Rawaya kuwa, don ta fi kowa haske,
ita na ba lambatu.

Gidan Malama Dudu ne, a gangaren Pantami,
kuɗin sallamar shekara talatin da biyar tana riƙe da alli.
Ta leƙo ta kafaɗata ta ce,
"'Yar nan, wannan ai aikin hula ne, ina gidan?"
Na bi mata rawayar da yatsa:
nan ruwa zai bi ya faɗa kwari,
ko gaisawa ba zai yi da bangonki ba.

Ran Laraba na kai wa Ishaya a Sabon Layi.
Janareta na tari, mutum shida na jira.
Na ce buga, ya buga,
na naɗe, ban buɗe ba.
Ashe farar takarda ba ta san dare ba.
Abin da ke walƙiya cikin baƙi
ya narke mata kamar sukari a nono.

Bappa Manu birkila ya shimfiɗa ta kan bulo,
ya danne kusurwoyi da duwatsu huɗu,
ya gina duk abin da idonsa ya gani.
Ƙafar tabarau ɗinsa ma da zare aka ɗaure.

Sai Agusta.
Ruwan Gombe ba ya sallama.
Dare ɗaya ya gangaro da yashi da leda da takalmin wani,
ya nemi hanyar da na yi masa alkawari,
bai same ta ba,
ya kwana ɗakin Malama.
Da safe na tarar tana shanya littattafai bisa katanga.
Ba ta ce da ni kanzil ba.
Tsintsiya ta miƙo mini.

Malam Gidado, da ya tsufa a ma'aikatar ayyuka
tun zamanin tebur da tawada,
ya ɗaga takardar sama, ya kanne ido.
"Mu alƙalami uku muka sani,
mai kauri, matsakaici, da siriri.
Launi naki ne, ke da injinki.
Birkila kauri yake ji."

Daren nan na buɗe jadawalin bugawa,
na kira su ɗaya bayan ɗaya.
Ja, ka fito baƙi, rabin milimita.
Kore, kwata ya ishe ka.
Shuɗi, ka zo a tsinke-tsinke.
Da na iso kan rawaya na daɗe ban taɓa komai ba,
sannan na ba ta kaurin da ya fi na katanga.

Albashina biyu suka haƙa lambatun.

Yanzu kafin zane ya bar hannuna
sai na buga shi, na fita tsakar rana,
na miƙe hannu iya tsawonsa,
na dube shi da idon Bappa Manu.
Ishaya na dariya, wai ina ɓata takarda.
Bai ga ƙamus ɗin Malama ba,
yadda har yau ya kumbura, ya ƙi rufuwa.