Latti

Ƙarƙashin dogonyaro, bakin sakatariya,
Modi mai buga takardu ya gyara tabarau.
"Da Turanci za a yi, ɗiyata,
ofishin fansho ba su karɓar Hausa.
Mi ne sunan mai rasuwa?"

Na ce Malam Jabbi, Rijiyar Ɗorowa.
Ya ɗora wata kalma gaban sunan,
haruffa huɗu kacal.
Na leƙa, na gane ta:
ita ce bakinmu ya tauna ta koma latti.

Na ce Modi, goge.
Shekara talatin da ɗaya
Baba na dukan tsohon wilin mota
da ke rataye a firamare,
bakwai da rabi, ko ana ruwa.
Masu makara sun san tsumagiyarsa,
ni kaina sau biyu na tsince ledar fili.
Ranar da zai tafi ma
sai da ya yi asuba a sahun gaba,
ya biya mai ƙosai bashin jiya,
ya naɗe buzunsa.
Wane latti?

Modi bai yi dariya ba.
Ya jawo ƙamus marar bango,
ya lashi yatsa.
"Akwai ta lauyoyi, ta rabon gado,
sanyi gare ta kamar daɓen asibiti.
Akwai mai nufin wanda ya tashi,
sai ka ce motar Illela.
Akwai wata, ba ni son hwaɗinta,
abin da ya saura, wai.
Zaɓi guda, mutane na jira."

Na tsaya da biro a hannu
ina jin Inna daren jiya,
tana tankaɗe, tana cewa marigayi
kamar yana bayan ɗaki yana alwala.
Marigayi.
Wanda ya riga.
Shi ke nan abin da ya yi,
ya riga mu, yadda ya saba.

"Ba gurbinta a fom," in ji Modi.
Na bar masa haruffansa huɗu,
na biya ɗari biyar,
na hau bene da takarda tana ɗumi.

Taga ta uku a rufe.
Masinja na cin gyaɗa a benci,
ya dubi agogon bango, ya dube ni.
"Kin yi latti, Hajiya.
Sai Litinin."