Mai Riƙe Kare a Maiurno

Aikina riƙewa ne.
Dakta Ikhlas ke da allura, ni ke da hammata.
In cusa kan kare a ciki,
in murza masa bayan kunne,
in yi masa ƙarya da Hausa cewa babu zafi,
ita kuwa ta lalubi jijiya a ƙafar gaba.

Shekara huɗu muna bin ƙauyukan bakin kogi
daga Maiurno har Singa,
a kan babur ɗin da ba ya tashi sai an roƙe shi da turi.
Kwalabe a cikin kula, ƙanƙara a kansu,
kowace da lambarta.
Ta ɗari uku da sha bakwai jinin Bar-su ne,
karyar tsoho Babikir Ɗangaladima,
wadda ta hana dila cin ɗan akuya ko ɗaya
damina tara a jere.

Ciwon ba shi da suna a bakinmu.
Kare ya rame, gashi ya zube,
farce ya yi zaƙo-zaƙo, ido ya cika da kwantsa,
a kira shi ya kaɗa wutsiya daga kwance.
Dakta ta ce akwai wani ƙuda,
bai kai ƙwayar riɗi ba,
tana so ta gane ko abin da yake zuba wa kare
shi ke kumbura saifar yaro.

A kasuwa ana ce mini sarkin karnuka.
Siddiƙ mai shayi ya ware mini kofi, mai tsaga a baki.
Ban tanka ba.
Nakan wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa,
in shiga sahu. Liman bai taɓa korata ba.

Sai kuɗin bincike suka ƙi zuwa.
Wata ɗaya. Wata uku.
Amsa ta zo a layi biyu:
mutane na kwana da yunwa, wa ke ta kare?
Ban ga laifinsu ba.
Ni ma na kwana da ita, na san nauyinta.

Amma firji bai san uzuri ba.
Gas ya ƙare ranar Talata,
jinin shekara huɗu ya fara gumi.
Na tarar da Dakta zaune a ƙasa
tana jiƙa buhu tana lulluɓa masa
kamar mai jinyar uwa.

Ban roƙi kowa ba.
Na dai faɗa wa Babikir muna neman takalma bayan la'asar.
Bai ce uffan ba.
Da magariba sai ga shi da rago a igiya,
ragon da ya ajiye don layya.
Ya ce, "Bashi ne. Ita ta tsare min uwarsa."
Awadiya mai kisra ta kwance bakin mayafi,
takardu uku, duk sun sha mai.
Siddiƙ ya zo ƙarshe, bai dube ni ba,
ya ajiye cinikin yini a kan benci.
Ashe cikin autansa ya kumbura bara.

Tukunyar gas ɗaya muka samu.
Kwana goma sha tara, in an yi tattali.

Bar-su ba ta jira sakamako ba.
An rufe ta a gindin aduwa,
jininta na nan a sanyi, ya fi ta tsawon rai.
Dakta ta sake rubuta wasiƙa, ta shida,
da fitilar waya a baki.
Ban san wa zai buɗe ta ba.

Yau da safe Babikir ya kawo ɗan kwikwiyo a aljihun jallabiya,
kunne ɗaya a tsaye, ɗaya ya ƙi.
Na cusa kansa a hammata. Yana rawar jiki.
Na ce masa babu zafi.
Dakta ta ce, "Lamba nawa muke?"
Na ce, "Ɗari huɗu da biyu."