Hannun da Bai Tashi Ba

A Valparaíso gidaje kan hau tudu
kamar awakin da aka kora,
wannan ja, wancan ruwan ƙwai, wani kore shar,
babu mai neman iznin maƙwabci kafin ya shafa fenti.
Ajina kuwa, yara talatin da biyu,
riga shuɗiya mai duhu, safa mai ruwan toka,
har askin samarin hannun mutum ɗaya ne.

Mako biyar muna cikin wani ɗan littafi
da bangonsa ya gaji da hannuwa.
Birni ne inda lasifika kan tashe ka da asuba
ta gaya maka abin da kake so yau.
Takalmin kowa lamba ɗaya:
mai babbar ƙafa ya naɗe yatsu,
mai ƙarama ya cusa takarda,
kowa na ɗingishi, ba mai cewa wayyo.
Sai wani tsoho a ƙarƙashin gada
mai auna ƙafa da zare a ɓoye,
ya ɗinka wa mutum daidai da shi.

Ran Alhamis, hazon teku ya rufe tagogi,
na rufe littafin, na jingina da allo.
Na ce, wa zai je wurin tsohon nan
ko da za a kama shi?

Baltasar, mai tsaron gidan ƙwallonsu, ya fara.
Na ga idanu sun zagaya kamar tsuntsaye,
sun sauka a kafaɗarsa,
sannan hannu ya bi hannu,
layi ya bi layi,
har talatin da ɗaya.
Zuciyata ta yi fari tas.
Na ce a raina, shuka ta fito.

Rayen ce kaɗai, can kusa da kwandon shara,
ta danne tafukanta a ƙarƙashin cinya.
Uwarta na sayar da kifi a bakin tashar jirgi,
ita ke goyon ƙaninta in an tashi.
Na ce, ke fa?

Ta ce, Malama, ni takarda zan cusa.
In an kama ni, wa zai ɗauko Nahuel?
Ta haɗiye yawu, ta ƙara:
kuma su ma sai da suka duba.

Dariya ta ɓarke, irin wadda ake yi wa saniyar ware.
Ban yi ba.
A aljihun teburina akwai takardar maki
da na rubuta da jan biro daren jiya,
amsa ɗaya ce tal a kanta.
Mako biyar ina zagin lasifika
da muryar lasifika.

Da yamma na shiga tsohon keken hawan tudu,
yana ƙara, yana ja da mu sama.
Na dubi ƙafafun fasinjoji.
Na dubi nawa,
baƙin takalmin da ke cizon ɗan yatsana shekara uku
don shi sauran malamai ke sawa.

Washegari ban yi wa kowa wa'azi ba.
Na ce a kifa kai a kan benci,
a rufe ido, banda leƙe,
na sake tambayar.

Shiru, sai kukan tsuntsun teku a kan kwano.
Hannu tara.
Na goma ya tsaya a rabi, yana rawa,
kamar mai taɓa ruwa ya ji sanyinsa.
Na Baltasar yana aljihu.
Na Rayen na nan inda yake jiya.

Ban faɗa musu adadin ba.
Na ce a buɗe shafi na sittin da huɗu,
Leonor, ki karanta mana,
da irin muryar da kike da ita a gida.