Kwalba Ɗaya, Rijiya Biyu

Su biyu suka zo mini ran Talata,
benci ɗaya, hannun da ya rubuta takardunsu ɗaya,
kwalbar maganin ɗigawa iri ɗaya a aljihu.
An ce wa kowannensu: hawan jinin ido ne.

Ni aikina a ɗaki mai duhu yake.
"Ɗora haɓarka nan. Goshi ya taɓa ƙarfe.
Kalli koren ɗigon can, kar ka ƙifta."
Shekara tara ina leƙa rijiyoyin mutane,
ba guga, ba igiya, sai haske.

Baba Mantau ya fara zama,
tsohon mai gyaran keke a Ƙofar Marusa.
Allo ya kawo bayan idonsa
ja kamar garwashin da bai mutu ba.
Ga inda jijiyar gani ke nutsawa:
bakin rijiya ne da ya zaizaye,
ƙasa ta fi cinyewa, sama na biye,
ramin ya yi zurfi,
jijiyoyin jini sun karya gwiwa a gaɓa
kafin su faɗa.
Amma ɗan gefen da ya saura
da jininsa, yana raye.

Wannan kam na san shi.
Ɓarawo ne mai haƙuri, ba ya fasa ƙofa,
mudu-mudu yake ɗiba a rumbu.
Ya bi ta kan mahaifin Baba, ya bi ta kan yayarsa,
yanzu ga shi a zauren ƙaninta.

Sai Hadiru, talatin da takwas,
mai kasa tattasai a 'Yar Kutungu.
"Ni hwa, Hajiya, kayana sun bar yi mini ja.
Sai in ga kamar sun kwana uku a rana.
Mai saye ya tsaya ta dama ko ta hagu,
sai ya yi sallama in san da shi."

Na ɗauka. Na goge gilashin. Na sake ɗauka.
Rami akwai, amma bai nutsa ba.
Gefen ne ya tsorata ni:
fari fat, kamar toka a murhun jiya.
Sama da ƙasa da sauran kauri,
ta haƙarƙari aka rame.
Awon ido bai hau ba, jiya ma bai hau ba.

Takardar gwajin gani ta fito da ɗuminta,
na jera ta kusa da ta Baba.
Duhun Baba a kwance yake, ya yi baka kamar lauje.
Na Hadiru a tsaye,
layi miƙe daga sama har ƙasa
sai ka ce magini ya saki igiyar awo,
kowane ido rabinsa na waje a rufe.

Likita Rahanatu ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Kai na ciwo?"
"Da asuba."
Ta juya biro a hannu.
"Kama da wane ba ta wane.
Wannan ba a ido aka fara shi ba.
Hanyoyin gani biyu suna gicciye a ƙasan ƙwaƙwalwa.
Ina zaton wani abu ya zauna a mararrabar.
Sai an ɗauki hoton kai, cikin makon nan."

Shekara biyu yana ɗigawa safe da dare,
yana ban ruwa a gonar da ba ta ƙishi,
tasa na can tana bushewa.
Bai yi faɗa ba. Ya dai tambayi kuɗin hoton,
ya ƙirga da yatsu, buhu nawa ke nan.

A bakin ƙofa ya ciro kwalbar,
ya karkata kai gaba ɗaya don ya ga tsohon.
Ya dubi Likita, ta duba hatimin, ta gyaɗa kai.
"Baba, riƙe. Ashe taka ce nike ta ɗawainiya da ita."

Ban san me hoton zai nuna ba.
Na goge wurin ɗora haɓa da auduga,
na kira mai bi.