Bi Katanga

Takardar ta kwana uku a jakata
ƙarƙashin ɓawon ayaba da safa ƙafa ɗaya.
Ba ni na so shiga ba.
Bleddyn ne ya ce mu yi tare,
sati biyu ya zame, ya bar ni da jangwam.

Mama ta sa hannu a tsaye,
rigar aikin dare a kafaɗarta.
Ta ce, "Gethin, takalmin hawan dutse fa babu kuɗinsa."
Na aro na ɗan maƙwabta,
ya fi ƙafata da lamba biyu,
na cusa tsumma a bakinsa.

Gida huɗu ne a ɗan littafin:
gudu, sana'ar hannu, aikin sa-kai, tafiyar dawa.
Gudun na yi shi a gefen tsohuwar mahaƙa,
inda tarin baƙin dutse ya fi cocinmu tsayi.
Sana'a kuwa gyaran keke,
sarƙa ta cije ni sau biyu kafin ta san hannuna.

Aikin sa-kai ya kai ni ɗaki na tara,
gidan tsofaffi, ran Talata, ƙarfe huɗu.
Emlyn: shekara arba'in yana fasa dutse,
ƙirji na kukan tsohuwar ƙofa, ido ya tafi.
Aikina in karanta masa jarida.
Ba ya son siyasa. Yana son farashin tumaki
da sunayen waɗanda suka mutu.
"Wannan na san shi," in ji shi, "bashi yake ci."

Ran da na ce za mu kwana biyu a kan tsauni
da taswira da kamfas, ba babba a bayanmu,
ya yi dariya har tari ya karɓe ta.
"Yaro, hazo in ya sauko, takarda ba ta da baki.
Nemi katanga. Kakanninmu ba su jera dutse a banza ba.
Kowace katanga tana da ƙofa,
kowace ƙofa tana da hanyar gida."

Hazo kuwa ya sauko, rana ta biyu da hantsi.
Mu biyar, ruwa har cikin ƙashi,
taswira ta zama kunu a hannun Lowri.
Nerys ta zauna kan jakarta ta ce ita ta gama.
Ifan na ta zagin kamfas kamar shi ya kawo mu.
Ni ba jarumta na yi ba,
tsoro ne ya tuna mini da maganar tsoho.
Na miƙa hannu cikin farin duhu
ina lalube kamar mai neman ashana,
har tafina ya faɗa kan dutse mai gansakuka.
Na ce, "Ku riƙe jakar na gabanku."

Awa biyu muna bin ta,
tumaki na kallonmu, ba su ce komai ba.
Sai ƙofa. Sai turba. Sai Malama Pritchard
tsaye da agogo da butar shayi,
ta ce mun makara da minti hamsin.

Wata uku suka cika, saura sa hannu.
Na ɗora alƙalami a yatsun Emlyn,
na nuna masa gurbin da bakin farce.
Ya rubuta sunansa a karkace,
ya haye layi, ya shiga gidan gudu.

Lambar da suka ba ni a zauren makaranta
ta tagulla ce, ba ta kai maɓallin kwat ba.
Na kai masa. Ya juya ta, ya shafa, ya auna a tafi.
"Shi ke nan? Duk wannan ruwan?"
Na ce shi ke nan.
Ya maido mini. "To, ɗauko jarida."

Littafin ya cika tun watan jiya,
ba wanda ke ƙirga mini awa yanzu.
Yau Talata. Ƙarfe huɗu saura kwata.
Tayar baya ta sace,
amma na san inda famfo yake.